Ko Jarumtaka Kaɗai Ta Isa?

Ba a taɓa jin al'ummar da ta yi wa matsoraci kirari ba. Ko'ina a duniya, mutumin da ya tsaya sa'ad da saura suka gudu shi ake yi wa waƙa, shi ake raɗa wa jarirai sunansa, shi ake nuna wa samari a ce su zama kamarsa. Wannan kuwa ba laifi ba ne, gama tsoro yana cikin jinin kowane ɗan Adam, wanda ya danne shi ya yi abin da yawancin mutane ba su iyawa. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba ranar da ake maƙala wa soja lamba a ƙirji, ana busa begila ana kaɗa ganga: jarumtakar nan da ya nuna, wa ta amfana, a kan wa kuma ta sauka? In mutum ya yi kasada da ransa cikin yaƙin da ba na gaskiya ba, abin da ya yi nagarta ce, ko kuwa wani abu ne dabam mai kama da ita?

Tambaya irin wannan ba ta amsuwa a iska. Gara a ɗauki mutum guda mai suna da tarihi, a bi sawunsa. Mutumin da za a duba shi ne Smedley Butler, hafsa a rundunar Marin ta ƙasar Amurka, watau sojojin kundumbala waɗanda akan ɗauko cikin jiragen ruwa a sauke su a gaɓar wata ƙasa su yi yaƙi a tudu. Amurka tana da wata lamba da ake kira Lambar Daraja, babu wadda ta fi ta a wajen soja. Ba a ba da ita sai ga wanda ya yi abin da ya wuce wajibin aikinsa a gaban mutuwa, da yawa ma sai bayan ransu ake miƙa wa iyalinsu. Mutum 19 kaɗai suka taɓa samunta sau biyu, Butler kuwa yana cikinsu.

An haife shi ran 30 ga Yuli 1881 a garin West Chester cikin jihar Fensilbaniya. Abin mamaki, iyayensa ƴan ɗarikar Abokai ne, waɗanda ake kira Kweka, masu bi da suka yi suna tun ƙarni na 17 saboda ƙin ɗaukar makami, domin a ganinsu umarnin Almasihu na ƙaunar maƙiyi bai bar wa yaƙi ƙofa ba. Mahaifinsa Thomas Butler lauya ne, ya yi shekara 31 a majalisar wakilai ta ƙasa, daga baya har ya shugabanci kwamitin da ke lura da sojojin ruwa. A 1898 yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Sifen a kan tsibirin Kuba. Yaron yana da shekara 16, ya ƙara wa kansa shekaru, aka ba shi muƙamin ƙaramin laftanan.

A 1900 aka aika da shi ƙasar Sin. A lokacin wata ƙungiya da Turawa suka laƙaba wa suna Ƴan Dambe ta tashi don korar baƙi, gama manyan ƙasashen Turai da Japan sun daɗe suna watanda da ƙasar. Ƴan Damben sun kashe baƙi masu wa'azi da dubban Sinawa masu bin Almasihu, suka kewaye unguwar jakadu a Bejin har kwana 55, ƙasashe takwas kuma suka haɗa runduna don kai gudunmawa. Ran 13 ga Yuli, a bakin ganuwar birnin Tiyanjin, Butler yana cikin rami tare da mutanensa sai ya hangi wani ɗan'uwansa soja ya faɗi a fili ana ta ruwan harsashi. Ya fita daga ramin ya je ɗauko shi. Harsashi ya same shi a cinya, duk da haka sai da aka kai mai raunin wurin tsira. Aka ɗaga shi zuwa kyaftin tun bai cika shekara 19 ba. A zamanin doka ba ta yarda a ba hafsoshin ruwa Lambar Daraja ba, sai ƙananan sojoji, saboda haka wata lamba dabam aka ba shi, ita ma sai a 1921.

A nan lamarin yana da sauƙi. Ba sai mutum ya san wane ne mai gaskiya tsakanin Sin da baƙinta ba kafin ya gane cewa fita daga maɓoya don ɗauko wanda ya faɗi aikin kirki ne. Da Basine ne ya yi wa ɗan'uwansa haka a ɗaya gefen ganuwar, da shi ma yabo ya cancanta. Amma ko a nan ba a rasa inuwa ba. Da birnin ya faɗi, rundunar ceton ta wawashe shi, ta je ta wawashe Bejin, a 1901 kuma aka ɗora wa Sin diyyar awon azurfa miliyan 450, kusan awo ɗaya a kan kowane rai a ƙasar. Yaro mai shekara 18 ba shi da hannu cikin wannan shawara, ba wanda zai tuhume shi. Sai dai yaro ba ya dawwama yaro.

Shekarun da suka biyo baya ya yi su yawanci a ƙananan ƙasashen da ke kudu da Amurka, cikin faɗace-faɗacen da daga baya aka yi wa laƙabi da yaƙoƙin ayaba, saboda kamfanonin ayaba da na rake da bankuna da ke da dukiya a can. Ya je Honduras a 1903, ya je Nikaragwa sau da dama tsakanin 1909 da 1912. A 1912 ya ja bataliyarsa ta layin dogo zuwa birnin Granada zazzaɓin cizon sauro yana ta cinsa, ya ƙi kwanciya, aka tabbatar da mulkin Adolfo Díaz, wanda a da ma'aikacin wani kamfanin haƙar ma'adinai ne na Amurkawa. Abin lura a nan shi ne wata wasiƙa da Butler ya rubuta wa iyayensa tun a 1910. A ciki ya nuna fushinsa cewa tawayen da aka aiko shi ya kāre, Amurkawa masu jari a ƙasar ne suka kitsa shi suka kuma zuba masa kuɗi, domin su ɗora gwamnatin da za ta ba su abin da suke so. Mai karatu ya riƙe wannan shekara a zuciyarsa, gama za a komo gare ta.

Lambar Daraja ta fari a ƙasar Meziko ya same ta. A watan Afrilu 1914 sojojin Meziko suka tsare waɗansu ma'aikatan jirgin ruwan Amurka a Tampico na ɗan lokaci, suka sake su tare da ba da haƙuri. Babban hafsan Amurka ya ce haƙuri bai isa ba, sai an buga wa tutarsu igwa 21. Shugaba Huerta ya ƙi. Ana cikin haka labari ya zo cewa wani jirgin Jamus yana kawo masa makamai, sai Shugaba Wilson ya ba da umarni a kama tashar jiragen ruwa ta Veracruz. Aka yi faɗa cikin tituna, Amurkawa kimanin 20 suka mutu, mutanen Meziko fiye da 100, cikinsu har da farar hula. Da aka sake doka a 1915 hafsoshi suka sami ikon karɓar lambar, sai aka yi ta rabonta kamar goron biki, fiye da 50 saboda wannan ɗan faɗa kaɗai. Butler, wanda a lokacin manjo ne, ya mayar da tasa, ya ce bai yi abin da ya isa a ba shi ita ba. Aka komo masa da ita tare da umarni cewa ya riƙe, ya kuma sa ta a ƙirji.

Wannan hali ne na mutum mai kunya da gaskiya, ba kowa zai yi ba. Amma a dubi abin da ya dame shi. Lamirinsa ya tashi ne domin haɗarin da ya shiga bai kai a yi masa lamba ba. Ko daidai ne a kashe mutane fiye da 100 a garinsu saboda gaisuwar tuta, wannan ba ita ce ƙarar da ya kai ba. Ma'auninsa na soja ne tsantsa, yana auna nauyin haɗari, ba ya auna dalilin yaƙi.

Lamba ta biyu daga Haiti ta fito, a nan ne kuma ya kamata a dakata. Mutanen Haiti jikokin bayi ne da aka kwaso daga Afirka, waɗanda suka kori Faransa da ƙarfin hannunsu suka kafa ƙasarsu a 1804. Daga baya bashi da juyin mulki suka yi mata katutu, sai bango ya tsage kuwa ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Disamba 1914 sojojin Marin suka shiga babban bankin ƙasar suka ɗauke zinariya ta dala 500,000 suka kai wani banki a New York. A watan Yuli 1915 jama'a suka kashe Shugaba Vilbrun Guillaume Sam bayan an hallaka fursunonin siyasa fiye da 160 a kurkukunsa, a ranar kuma sojojin Amurka suka sauka. Ba su fita ba sai 1934. Waɗanda suka yi musu tirjiya su ne Kako, manoman duwatsun arewacin ƙasar. Gaskiya ne ƴan siyasa sun saba hayarsu don hamɓarar da gwamnati, ba waliyyai ba ne, amma a wannan karo baƙon da ya shigo ƙasarsu da bindiga suke yaƙi.

Mafakarsu ta ƙarshe ita ce Fort Rivière, tsohuwar ganuwa ta dutse da Faransawa suka gina a kan wani tsauni. Ran 17 ga Nuwamba 1915 Butler ya kewaye ta da mutum kimanin 100. An toshe ƙofar ganuwar, ba hanyar shiga sai wata kafa ta magudanar ruwa wadda mutum ɗaya ke iya bi a sunkuye, a can ƙarshenta kuwa akwai mai bindiga yana harbi. Butler da kansa ya faɗa daga baya cewa ya yi jim a bakin kafar, zuciyarsa ba ta ba shi ya shiga ba. Saje Ross Iams ne ya fara kutsawa, wani ƙaramin soja Samuel Gross ya bi shi, Butler ya zama na uku, sa'an nan saura suka kwararo. Faɗan bai kai rabin sa'a ba. Ƴan Kako sun yi amfani da tsofaffin bindigogi, da adduna, da sanduna, har da duwatsu. An kashe musu mutum kimanin 50. A wajen Amurkawa ba wanda ya mutu, mutum ɗaya ne dutse ya fasa wa baki ya zubar masa da haƙora biyu. Aka sa nakiya aka rushe ganuwar. Ministan sojojin ruwa, Josephus Daniels, da ya ga yawan waɗanda ake kashewa, ya aiko da waya a dakatar da kai hari. Iams da Gross da Butler duka aka ba su Lambar Daraja.

Shiga wannan kafa jarumtaka ce, ba mai musu. Wanda ya ce ba kome ba ne, bai taɓa sunkuyawa cikin rami mai duhu ana harbi daga gabansa ba. Amma mutanen da ke cikin ganuwar fa, me za a kira su? Manomi mara takalmi wanda ya sunkuya ya ɗauki dutse ya jefi mai bindiga ta zamani, yana sane linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, ai bai gaza Butler ƙarfin zuciya ba, in ma bai fi shi ba. A takardun rundunar sunansa ɗan fashi. Takardar yabon Butler ba ta ambaci sunan ko ɗaya daga cikin matattun ba. Ashe lamba ba jarumtaka kaɗai take aunawa ba, tana auna jarumtakar da aka yi wa mai ba da lambar. Tana shaida cewa wannan mutum bai gudu ba, shaidarta kuwa gaskiya ce. Game da ko ya kamata ya kasance a kan wannan tsauni tun fari, ba ta da ta cewa, ba a kuma ƙera ta don ta ce ba.

Abin da ya biyo baya ya fi Fort Rivière nauyi, ko da yake ba a yi masa lamba ba. Aka naɗa Butler shugaban jandarmomin Haiti, rundunar ƴan ƙasa wadda hafsoshinta Amurkawa ne. Domin a gina hanyoyin mota, ya farfaɗo da wata tsohuwar doka ta 1864 wadda ta wajabta wa talaka aikin hanya ba lada. Hanyoyi kam an gina. Amma aikin tilas ba ya tsayawa inda mai kafa shi ya ce ya tsaya. Aka riƙa kama mutane a gonakinsu ana ɗaure su da igiya, ana riƙe su fiye da kwanakin doka, wanda ya gudu a harbe shi. Adalci ne a faɗa cewa mafi munin wannan ya faru bayan Butler ya bar ƙasar a farkon 1918, amma shi ya haƙa rijiyar. A watan Yuni 1917 kuma, sa'ad da majalisar dokokin Haiti ta ƙi yarda da sabon tsarin mulki wanda zai ba baƙi damar mallakar ƙasa, abin da aka haramta tun zamanin Dessalines, Butler ne ya shiga zauren da jandarmomi masu bindiga ya miƙa takardar rushe majalisar. Haiti ba ta sake zaɓen majalisa ba sai 1930. Ɗacin aikin tilas ya haifi sabon tawaye ƙarƙashin Charlemagne Péralte, inda bisa ga lissafin rundunar kanta aka kashe ƴan Haiti fiye da 2,000. Da majalisar dattawan Amurka ta yi bincike a 1921, Butler ya tsaya gabanta ya kāre mamayar, ya kwatanta kansu da masu riƙon dukiyar yaran da ba su balaga ba. Wasiƙunsa na lokacin kuma ba su rasa kalmomin raini ga baƙar fata ba.

Mai karatu zai iya cewa, ai soja ba ya zaɓen yaƙinsa. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wannan magana tana da nauyi, bai kamata a yi saurin ture ta ba. Rundunar da kowane soja a cikinta yake yanke wa kansa umarnin da zai bi ba runduna ba ce, taron masu bindiga ne, ƙasar da ta mallaki irinta kuwa ba ta barci. Biyayyar soja ga hukumar farar hula kariya ce ga talaka. Saboda haka kurtun da aka ce masa hau tsauni ya hau, bai san banki ba, bai san majalisa ba, alhakin da ke kansa kaɗan ne, babban alhaki yana kan wanda ya aike shi.

Sai dai alhaki yana girma tare da sani da iko. Butler ba kurtu ba ne. Hafsa ne wanda doka ta ba shi damar ajiye aiki, ɗan gidan da ake jin maganarsa a Washinton, mutum ne kuma da ya rubuta da hannunsa a 1910 cewa ya san masu jari ne ke kaɗa gangar. Da ya tsufa ya ce muddin yana cikin kaki tunaninsa a dakace yake, yana bin umarni kawai kamar kowane soja, ya ce a da zargi yake yi, sai bayan ya fita ya tabbatar. Wasiƙar nan ta 1910 ba ta goyi bayansa sosai ba. Tunaninsa ba a dakace yake ba, yana aiki sarai, sai dai ya rufe shi cikin ambulan ya aika gida, ya ci gaba da aikinsa shekara 21. Mutumin da bai ji tsoron harsashi a Tiyanjin ba, akwai abin da ya kasa fuskanta duk tsawon wannan lokaci, watau rabuwa da rundunar da yake ƙauna, da girman da take ba shi, da kallon da abokan aiki za su yi masa. Wannan ma tsoro ne, sai dai ba a yi masa suna a littafin soja ba.

Akwai wani aikinsa da ba a cika ambata ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi ta roƙo a kai shi bakin daga, aka ƙi, aka ba shi riƙon sansanin Pontanezen kusa da tashar Brest a Faransa a watan Oktoba 1918. Ya tarar da dubun-dubatar sojoji kwance cikin taɓo, annobar mura tana kashe su kowace rana. Katakon shimfiɗa yana jibge a bakin tasha ba wanda ya kawo. Butler, yana birgediya janar, ya saɓa katako a kafaɗa ya hau tudu da ƙafa har sansanin, sojoji suka bi shi kowa da nasa. Aka shimfiɗa hanyoyi da daɓen tantuna, aka gyara abinci da tsabta, mutuwa ta ragu. Shi a ransa wulaƙanci ne aka yi masa da aka hana shi yaƙi. Amma in za a ƙidaya uwayen da ƴaƴansu suka komo gida ta dalilinsa, babu wurin da ya kai Brest.

Sauran aikinsa za a taƙaita. Ya riƙe ƴan sandan birnin Filadelfiya a 1924 da 1925, aka sallame shi sa'ad da ya fara kai samame manyan otal na masu kuɗi a kan dokar hana giya. Ya koma Sin daga 1927 zuwa 1929, ya zama manjo janar yana da shekara 48. A 1930 aka tsallake shi wajen naɗa shugaban rundunar, a 1931 kuma aka nemi kai shi kotun soja domin ya faɗi a bainar jama'a cewa Mussolini na Italiya ya take yaro da mota bai tsaya ba. Aka sasanta da jan kunne, ya yi ritaya a shekarar.

Daga nan bakinsa ya buɗe. A 1932 ya je ya ƙarfafa tsofaffin sojoji da suka yi zango a Washinton suna neman kuɗin da aka yi musu alkawari, kwanaki kaɗan kafin gwamnati ta sa soja su kore su su ƙone bukkokinsu. A watan Nuwamba 1934 ya shaida wa wani kwamitin majalisa cewa wani dillalin hannun jari mai suna Gerald MacGuire ya neme shi ya ja tsofaffin sojoji 500,000 a karɓe iko daga hannun Shugaba Roosevelt. Manyan jaridu suka yi masa dariya. Kwamitin ya ce ya tabbatar da yawancin abin da ya faɗa, amma ba a gurfanar da kowa ba. A 1935 ya fitar da ɗan littafi mai suna War Is a Racket, ma'ana yaƙi damfara ne, a wata mujalla kuma ya lissafa ƙasashen da ya yi aiki ɗaya bayan ɗaya tare da kamfanin da ya ci moriya: man fetur a Meziko da Sin, banki a Haiti da Nikaragwa, rake da ayaba a sauran. Ya kira kansa ɗan daban masu kuɗi, ya ce ya fi ƙasurgumin ɗan ta'addan nan Al Capone, gama shi a nahiya uku ya yi nasa. Ya ba da labarin asibitoci 18 na tsofaffin sojoji da ya ziyarta, cike da mutanen da yaƙi ya lalata wa jiki da hankali. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Maganin da ya kawo shi ne, kafin a ɗauki ɗan talaka soja a fara sa masu masana'antu da bankuna a kan albashin kurtu, dala 30 a wata, kuma waɗanda za su je bakin daga su kaɗai su yi ƙuri'a a kan ko za a yi yaƙi.

Waɗansu sun ce wannan ihu ne bayan hari, har sun ce haushin hana shi shugabanci ne ya sa shi magana. Mai yiwuwa haushi yana ciki, gama zuciyar mutum ba ta cika tafiya da dalili ɗaya ba. Gaskiya ne kuma ya jira sai da fanshonsa ya tabbata, yawancin hawayensa kuma na sojan Amurka ne, manomin Haiti kaɗan ya samu. Furcinsa bai tā da ko mutum ɗaya daga cikin na Fort Rivière ba. Duk da haka ba ƙaramin abu ba ne mutum ya ɗauki abin da ya ba shi suna, abin da ake tashi tsaye dominsa in ya shigo ɗaki, ya ce wa duniya ga ainihin abin da aka saya da shi. A bakin kafar Fort Rivière mutum biyu sun riga shi shiga, ɗari kuma suna bayansa. A wannan karo cikin manyan hafsoshin zamaninsa ba wanda ya shiga gabansa, ba kuma wanda ya bi shi. Kalmominsa sun yi nauyi ne daidai domin lambobin nan biyu, gama da wani ne ya faɗa da an ce matsoraci ne.

Ba kuwa za a ce duk abin da ya faɗa a ƙarshe daidai ne ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Domin yaƙoƙin da ya sani na kasuwa ne, sai ya ɗauka kusan kowane yaƙi haka yake, ya nemi a hana jiragen yaƙin Amurka wuce mil 200 daga gaɓarta, a bar Turai da rigimarta. Ya mutu a asibitin sojojin ruwa na Filadelfiya ran 21 ga Yuni 1940, kwana ɗaya kafin Faransa ta sa hannu a takardar saranda ga Hitila. Da an bi shawararsa har ƙarshe, da waɗanda ke cikin sansanonin mutuwa na Jamus sun daɗe suna jiran mai buɗe musu ƙofa. Akwai ranar da ƙin zare takobi yake zama barin mara ƙarfi a hannun azzalumi, a ranar kuwa irin mutumin da ya fita daga rami a Tiyanjin ake nema.

An binne shi kusa da West Chester inda aka haife shi. Rundunar Marin tana koya wa kurata sunansa tare da na Dan Daly, su biyu da suka sami Lambar Daraja a yaƙi biyu dabam dabam. Babban sansaninta a tsibirin Okinawa na Japan, dubban mil daga gaɓar Amurka, sunan Butler aka sa masa. Shi kuwa Charlemagne Péralte, a 1919 wani sojan Marin mai suna Herman Hanneken ya ɓad da kama ya shiga sansaninsa da dare ta hannun wani da aka saya, ya harbe shi. Aka ɗaure gawarsa a jikin ƙyaure aka ɗauki hoto aka watsa don a tsorata jama'a. Hanneken ya sami Lambar Daraja. Bayan tafiyar Amurkawa mutanen Haiti suka tono ƙasusuwan Péralte suka yi masa jana'izar ƙasa a Cap-Haïtien, daga baya kuma suka buga fuskarsa a kan kuɗinsu na ƙarfe, santim 50.